Tsagar Bayan Kan Giwa

Jiya wasu samari biyu suka tsaya da babur a bakin dutse suna kallon mutanena suna aiki. Na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa wai wannan sana'a ba ta son komai sai tuwo da ƙarfin damtse. Ban tanka masa ba. Amma tunda ku kun zo kun zauna kuna tambaya, zan faɗa muku yadda abin yake.

Sunana Iliya, a Kontagora an fi sanina da Iliya Maidutse. Iyayena manoma ne a wata tunga ta wajen Zugurma. Shekarar da aka samu 'yancin kai mahaifina ya kai ni wurin Baba Tanko, wani Badukke, wato ɗan ƙabilar Dukkawa, da ke fasa dutse a wata 'yar tunga kan hanyar Rijau, ba nisa da gari. Shi Musulmi ne, ni ɗan coci. Ranar Juma'a ya ajiye guduma, ranar Lahadi in ajiye tawa, sauran kwanakin muna tare tun hantsi har la'asar. Haka muka yi shekara goma da ɗoriya.

Aikin farko da ya sa ni, dakalin ƙofa ne wani magini ya ce a yanko masa, tsawonsa kamu huɗu. Na ɗauki babbar guduma zan hau dutsen da duka, Baba Tanko ya riƙe mini hannu.

"Ajiye wannan, ɗana. Fushi kake da shi?"

Ya ba ni cizil da ƙaramar guduma. Ya ja layi da gawayi a kan dutsen, ya ce in huda ramuka a kan layin, tazarar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami. Kwana biyu ina wannan huda, tafin hannuna duk ya yi bororo. A rana ta uku ya kawo weji, wato tsinkayen ƙarfe masu faɗin kai da maƙeri ke yi mana da tsohon sifirin ɗin mota. Ya jera su a ramukan. Ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne bugu ɗaya, ba da ƙarfi ba, in na kai ƙarshe in dawo farko. Ya ce in saurara. Da farko ƙarar buguna ƙasa-ƙasa take, kamar ka bugi turmi. Ina zagayowa tana tashi, tana ƙara siriri, har ta koma kamar ta ƙararrawa. Nan ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Zo mu sha fura."

"Baba, ai bai tsage ba."

"Zai tsage."

"Yaushe?"

"Wannan kuma ban sani ba. Ya ƙoshi da abin da ka ba shi, saura nasa."

Muna zaune gindin kirya, ludayi a hannuna, sai na ji tas! Na waiga, dutsen ya rabu biyu a kan layin gawayi, ba kowa kusa da shi. Na yi irin wannan aiki ya fi a ƙirga tun daga ranar. Wani dutsen ya buɗe kana tsaye, wani sai ka je gida ka dawo washegari ka same shi a buɗe, wani kuma ya yi kwana uku shiru da weji a cikinsa. Har yau babu wanda zai ce muku na taɓa faɗin lokacin daidai.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Guduma babba da ƙarama, cizil, weji, dagi na ɓamɓara, kwanon sarki na kwasar tsakuwa, sai itace da wuta. In falale muke so mai faɗi, mu tara itace a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, mu hura tun da safe, mu riƙa jan wutar a hankali. Zafin yana shiga, saman dutsen ya ɗago kamar ɓawo. Za ka ji shi yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin toka. Amma babban kayan aiki kunne ne da ido. Dutse yana da jijiya kamar itace. Ka bi jijiyarsa ya ba ka abin da kake so, ka saɓa mata ya ba ka tsakuwa.

Masu sayenmu a lokacin, mafi yawa mata ne masu neman dutsen niƙa, kuma babu mai wuyar sha'ani kamarsu. Mace za ta zo da dawa a bakin zane, ta durƙusa ta niƙa a gabanka, ta ɗanɗana garin. In ta ji yashi ko ƙwaya ɗaya a haƙori, ta tashi ta kakkaɓe zane, ba ta ko ce maka sai an jima. Sai magina masu neman dutsen tushen gini, da mutanen En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, in za a gyara kwalbati. Dakalin masallacin tungar ni na yanka, matakalar cocinmu kuma Baba Tanko ne ya gyara mata baki da hannunsa.

Bayan yaƙin basasa aka zo gyaran hanya, aka ce ana son dutse mai yawa na kwalbatoci. Lokacin Baba Tanko ƙafa ta fara ba shi wahala, ni ke riƙe da aikin, ina da mutum biyar. Wanda ke zuwa duba dutsen wani injiniya ne ɗan ƙasar Filifin, gajere, kullum da hular kaba, ana ce masa Injiniya Ramon. Ya koyi Hausa irin ta kasuwa, tana isarsa. Wata rana ya same mu mun jera weji mun koma inuwa. Ya ce me muke jira. Na faɗa masa. Maimakon ya yi faɗan ɓata lokaci kamar sauran, sai ya nemi wuri ya zauna tare da mu. Da dutsen ya buɗe, ya ƙare masa kallo, ya ce, "Haka ƙasarmu take yi."

Ban gane ba. Ya aika aka ɗauko bulo ɗaya daga motarsa, da robar cikin tayar keke. Ya ɗaure bulon da robar, ya ajiye a kan fa, ya kama ɗaya bakin yana ja a hankali, a hankali. Robar tana miƙewa, bulo yana nan daram. Ya ce, "Iliya, in zai motsa ka ce yanzu." Na ce yanzu, bai motsa ba. Na sake cewa yanzu, shiru. Ina buɗe baki zan yi dariya, bulon ya zabura ya kusa buge masa ƙafa. Muka sake. Wani karon ya ɗan gusa kaɗan-kaɗan sau uku, wani karon ya daɗe a tsaye sannan ya yi tsalle guda mai nisa. Mu shida muka yi ta gwada sa'a, har Baba Tanko, babu wanda ya dace sau biyu a jere.

Sannan ya yi mana bayani. Ya ce ƙasar da muke takawa ba guda ɗaya ba ce, manyan falale ne a jere, kowanne ya fi ƙasashe da yawa faɗi, kuma suna tafiya. A gaɓar ƙasarsu, falalen da ke ƙarƙashin teku yana kutsawa ƙarƙashin wanda mutane ke zaune a kai, tafiyar da ba ta fi tsirowar farce sauri ba. Ya ɗora tafin hannunsa ɗaya a kan ɗaya ya nuna mana. Ya ce inda suka haɗu bakinsu yakan maƙale. Na baya yana ta turowa, bakin ya ƙi gusawa, shekaru aru-aru, nauyin yana taruwa kamar a robar nan. Ranar da ya suɓuce, ƙasa ta girgiza, gidaje su zube, wani lokaci teku ya janye sannan ya dawo ya hau gari.

Baba Tanko ya ce, "To masu iliminku ba sa sanin ranar?"

"Sun san wurin, Baba. Sun san nauyi yana taruwa. Suna iya cewa wannan gaɓar ta daɗe ba ta motsa ba, a kula da ita. Ranar ce babu wanda ya sani."

"To amfanin ilimin me ke nan?"

Injiniya ya ce a garin mahaifiyarsa akwai wata hanya da ta hau tudu daga bakin ruwa. Ba gona a samanta, ba kasuwa, amma kowace shekara sai an share ta. Kowane yaro ya san in ƙasa ta girgiza ba a tsayawa ɗaukar kaya, tudu ake nufa. Ya ce, "Amfaninsa ke nan." Baba Tanko ya gyaɗa kai, ya ce shi dai ya gode wa Allah da ya ajiye shi a inda ƙasa ke zaune lafiya.

Dutsen da muke fasa tudu ne, kuma a kafaɗarsa ta yamma akwai wani ƙaton falale da ya leƙo waje, ana ce masa Kan Giwa. Girmansa ya kai ɗaki huɗu a haɗe. A gindinsa akwai gidaje huɗu, da fa mai santsi inda matan tungar ke shanya, da hanyar zuwa rafi. A bayansa akwai tsaga tun kakanni, kowa ya san da ita. Ni kaina in na tashi aiki, a cikinta nake cusa ƙotar babbar guduma, ta tsaya cif, in same ta da safe. Wata ranar Litinin na cusa ta kamar kullum, sai ta zarce ciki har kan ƙarfen ya daki bakin dutse.

Na tsaya na dubi ƙotar. Ba ta rame ba. Na sauka na zagaya gindin Kan Giwa na duba inda muka yi wata takwas muna ɗibar dutsen kwalbati. A nan dutse ya fi kyau, kuma ya fi kusa da inda mota ke tsayawa. Mu da hannunmu muka rage masa abin da yake dogare da shi. Ba na ɓoye wannan, don ku ma wata rana za ku ga dutse mai kyau a gindin wani.

Na kira Injiniya ya hau ya gani. Ya sa aka kawo ɓallin gilashin taga da ɗan siminti, ya manna gilashin a kan tsagar, rabi a wannan gefe, rabi a wancan. Ya ce in dutsen yana tafiya, gilashi zai faɗa mana. Bai cika mako biyu ba na same shi a fashe. Sai ya kafa ƙusa biyu, ɗaya kowane gefe, ya yanko mini ɓallin gwangwani daidai tazararsu. Ya ce kowace safiya in gwada, in ya yi sako-sako in yanki sabo, in ajiye tsohon.

Na ce, "Zai faɗo?"

"Zai faɗo."

"Yaushe?"

"Ka manta bulo?"

Kafin damina aka mayar da shi wata hanyar, can kudu. Ban sake ganinsa ba.

Na dakatar da aiki a dutsen ranar da gilashi ya fashe. Na ɗauki gilashin na tafi wurin Mai unguwa Jatau, na same shi da dattawa a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Ranka ya daɗe, Kan Giwa yana tafiya. Ina roƙon a tashi gidajen gindinsa, a hana shanya, a canza hanyar rafi."

Ya juya gilashin a hannunsa. Ya ce, "Iliya, na san ba ka wasa. Amma tashin gida huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Wace rana zai faɗo?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Wane wata?"

"Ban sani ba."

"Bana ko baɗi?"

Wannan ma na ce ban sani ba. A cikin dattawan akwai Baba Gwamna, mai gidan da ya fi kusa da dutsen, tsoho mai zafin baki. Ya ce, "An haifi ubana dutsen nan yana leƙe, an binne shi a bayan ɗakina yana leƙe. Yanzu ɗan Zugurma zai zo da fasasshen gilashi ya ce in bar kabarin ubana? Kai da ba ka san rana ba, ba ka san wata ba, me ka sani?"

Na ce, "Baba, na san nauyinsa bai je ko'ina ba, kuma abin da ke riƙe da shi ya ragu."

Mai unguwa ya ce to in ci gaba da dubawa, in na ga wani abu in yi magana. Aka tashi a haka.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ɗan kwangilar hanya ya koma sayen dutse wani wuri, mutanena uku suka bi shi. Na koma fasa wani dutse can cikin daji, mai rauni. Dutsen niƙa biyu na yi da shi, duka aka dawo mini da su, yashi a gari. Ga shi shekarar fari ce, ruwa ya yi latti, da ya zo kuma bai tsaya ba. Abin da ya riƙe gidana rijiyoyi ne. Sun ƙafe, masu haƙa sun tarar da dutse a ƙasa, sai a zura ni da igiya da cizil in yi ta sassaƙa a cikin zafi har ruwa ya tsattsafo. Duk da haka kowace safiya, kafin in je ko'ina, sai na hau bayan Kan Giwa da gwangwanina.

Da ruwan farko ya sauka, tsagar ta buɗe kaurin karan dawa cikin kwana uku, ƙananan tsakuwa suna ta gangarowa. Na ruga wurin Mai unguwa na ce lokaci ya yi. Ya sa aka kwashe mutane, suka yi kwana huɗu a gidajen dangi, da awaki da tukwane. Dutse bai faɗo ba. Ya tsaya cak. Suka koma. Wajen tsakiyar damina ya sake motsi, na sake yin kururuwa, aka sake kwashewa, wannan karon da gunaguni. Ya sake tsayawa. Daga nan na samu sabon suna, Iliya Gobe-gobe. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Maidutse, yau ne ko gobe?" a kwashe da dariya. Rani ya shigo, gwangwani ɗaya na yi wata uku ina gwadawa, bai canza ba. Mutane suka ce tsagar ta warke.

Na je gaida Baba Tanko, yana zaune a zaure ƙafarsa a miƙe. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Sau biyu ka faɗi rana. Wa ya ba ka ita?"

"Gwangwani ne ya nuna, Baba."

"Gwangwani ya ce maka yana tafiya. Bai ce maka ya iso ba. Ka daina neman ranar nan, ba za ka same ta ba. In ka yi kuka na uku ko kare ba zai fito ba. Ka tambayi kanka, me mutanen nan ke nema a gindin dutsen? Ba don suna ƙaunarsa suke zaune ba."

Washegari na tafi wurin Inna Laraba. Ita ce babbar matan tungar, mai daddawa, kuma rabin fa ɗin shanya kayanta ne a kai. Na same ta tana baza kalwa, inuwar Kan Giwa na dab da ƙafarta.

Na ce, "Inna, me zai sa ki bar wurin nan?"

Ta ce, "Ɗana, kana tsammani ba na jin tsoro? In na sunkuya a nan bayana har sanyi yake yi. Amma kalwa ba ta bushewa a kan tsoro. Nuna mini inda zan shanya, kaji ba su dame ni ba, ƙasa ba ta shiga ba, gobe ba za ka gan ni a nan ba."

A gabashin tudun akwai wani fa da ƙasa da ƙaya suka rufe. Ni da mutum biyun da suka rage mini muka sare ƙayar, muka kwashe ƙasar da kwanon sarki. Fuskarsa ba ta daidaita ba, sai muka bi ta da wuta, muka ɗago ɓawon inda ya yi tudu, muka goge da dutse da ruwa. Na jera masa ƙaramar katanga saboda awaki. Mako bakwai muka yi. Ya fi tsohon faɗi, kuma rana tana riga isa can. Inna Laraba ta zo ta shafa shi da tafin hannu, ta duba hannun, ta tafi. Washegari ga kalwarta a baje a kansa. Kafin mako ya zagayo babu macen da ke shanya a yamma.

Sai hanyar rafi. Ta gabas ta fi kusa, gangara ce ta hana a bi ta. Na sassaƙa matakala a jikin dutsen, faɗin da mace mai tulu a ka za ta taka ba ta duba ƙasa ba. Ban ce wa kowa ya bi ba. Mata suka bi don tana kusa da shanyarsu, yara suka bi iyayensu, tsohuwar hanya ta fara yin ciyawa.

Da matan gida suka koma wuni a gabas, zaman yamma ya zama wahala. Mai unguwa ya ba da fili, na ce dutsen tushen gini a kaina, aka kira gayya. Gida uku suka tashi kafin damina ta biyu. Baba Gwamna ya ce shi ko matakalar Gobe-gobe ba zai taka ba har ya mutu. Amma surukansa da jikoki suka dame shi, ga shi ya zama shi kaɗai a gindin dutse. Ranar da ya yarda ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Zan matsa da ɗakunan kwana. Saboda jikokina, ba saboda maganarka ba. Rumbuna da garken awaki suna nan kusa da ubana. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Damina ta biyu ta zo da ruwa sosai, ta wuce, Kan Giwa ya ɗan gusa sau ɗaya ya tsaya. Ban yi kururuwa ba, na dai faɗa wa Mai unguwa. Aka yi girbi. Wata ranar Talata na hau da safe kamar kullum, na gwada gwangwani, ya shiga cif kamar yadda ya yi wata biyu yana shiga. Ba tsakuwa, ba ƙara. Na ma zauna a bayansa na ɗaure igiyar takalmina. Na sauka, na tafi maƙera gyaran bakin cizil.

Maƙeri bai gama hura wuta ba muka ji wani ƙara kamar an yaga sama, sannan wani gurnani mai nauyi da ya shigo ta tafin ƙafa. Ruwan kaskon maƙera ya fantsama. Kaji suka watse. Da na fito, inda Kan Giwa yake sai sarari, sararin da ban taɓa gani ba a wurin.

Aka taru a sabon fa. Mai unguwa ya tsaya yana kiran gida-gida, kowane maigida ya ƙirga nasa ya amsa. Aka zo gidan Baba Gwamna, mata sun cika, jikoki sun cika, shi ne babu. Kowa ya san da hantsi yakan je duba awakinsa. Babbar surukarsa ta ɗora hannu a ka. Ni da samari muka ɗauki dagi muka nufi yamma, ko da yake wanda ya ga abin da ke kwance a wurin ya san dagi ba zai yi komai ba. Rumbu babu alamarsa, garke babu, tsofaffin kangayen gida uku duk suna ƙarƙashi.

Sai muka ji Inna Laraba tana ƙwala kira daga baya. Muka juyo. Ga Baba Gwamna yana hawowa daga rafi, buta a hannu, zanensa a jiƙe, a kan matakalar da ya rantse ba zai taka ba. Ashe ya yi watanni yana bin ta in ya ga ba kowa. Ya iso ya tarar da tunga gaba ɗaya tana kallonsa. Ya dubi yamma, ya daɗe yana dubawa. Ya dube ni.

Ya ce, "Yau ba ka ce komai ba."

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Da safen nan a kansa na zauna."

Awaki ne suka mutu, da hatsin shekara na gida ɗaya, kuma tunga ta haɗa masa wani. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ku lura da wannan, ku masu son koyo: sau biyu na faɗi rana na yi kuskure, ranar da abin ya zo kuma ina cikin waɗanda ba su sani ba. Awon bai zama banza ba, shi ya gaya mini dutsen yana tafiya. Amma abin da ya fitar da mutane fa ne na shanya, da matakala, da tushen gini. Har yanzu duk dutsen da zan fara, sai na zagaya bayansa na ga me ke riƙe da shi da kuma wa ke zaune a ƙasansa, kafin in ja layin gawayi.

Ba a daɗe ba aka yanka Jihar Neja, gine-gine suka tashi, makarantu da ofisoshi, kowa na neman dutse. Ga Kan Giwa a kwance a ƙasa, ya fashe kashi uku, dutse mai kyau da ba sai an hau tudu ba. Mutanena suka dawo, wasu suka ƙaru. Shekara uku muna cinsa. Baba Tanko yakan sa a kawo shi a kan keke, ya zauna a inuwa yana nuna mana jijiya da sandarsa. Mun bar gefe ɗaya ba mu taɓa ba, wanda ya rufe kabarin mahaifin Baba Gwamna, don Baba Gwamna ya ce a bari.

Amma kafin duk wannan, mako biyu da faɗuwar, ina zagaya dutsen ina duba ta inda zan fara, sai ga Baba Gwamna da sandarsa. Ya tsaya ya ƙwanƙwasa wani ɓangare.

Ya ce, "Iliya." Ranar ce ya fara kirana da sunana. "A nan rumbuna yake?"

"A nan ne, Baba."

"Zan ɗaga sabo a gabas. Ina son duwatsun gindi guda tara, masu faɗin kai, kada gara ta hau. Daga wannan za ka yanko mini, ba wani ba."

Na ce akwai ƙananan duwatsu birjik da za su yi, ba sai an jira an fasa wannan ba.

Ya ce, "Na ce daga wannan. Shi ya cinye mini rumbu, shi zai ɗauki sabon a kansa."

Na yanka masa tara, na kai masa har gida. Rumbun yana nan tsaye a kansu, jikokinsa ke zuba dawa a ciki.